Yadda kwamfuta ta haɗiye min kalmar "nan" har sau 61

Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe, don abin da ya same ni sati biyu da suka wuce ba na so ya sami wani.

Bincikena a kan 'yan kasuwarmu ne masu kawo tumatir da albasa da tattasai Mile 12 a Legas. Wata uku na yi ina sammako, wasu su ɗauka ni ɗan haraji ne, wasu su ce in dawo bayan azahar, har Allah ya sa na samu mutum 280. Cikin tambayoyina akwai wadda ke cewa, "Ina iyalinka suke zaune?" Duk abin da mutum ya faɗa shi nake rubutawa a waya: Kano, Funtuwa, Gashuwa, gida, nan.

Da na gama, na sauke amsoshin a fayil ɗin CSV, na buɗe da pandas a Python, na ce ya ƙirga min. Sai ga sakamako: babu ko mutum ɗaya da iyalinsa ke Legas, kuma mutum 61 ba su amsa tambayar ba. Wallahi ban yi ko ɗar ba. Zama na yi na rubuta kusan shafi guda a babi na huɗu ina bayanin cewa Bahaushe yana da kunyar maganar iyali a gaban baƙo, shi ya sa da yawa suka yi shiru. Har daɗin bayanin nake ji. Malamar da ke duba aikina ba ta jin Hausa, ta karanta ta ce wannan batu ne mai kyau, in faɗaɗa shi.

Abin da ya cece ni wani Alhaji ne mai albasa da ya taɓa saya min shayi. Ina kwance da dare na tuna ya nuna min yaransa biyu sun taso daga makaranta, ya ce shekararsa 19 da iyalinsa a Ketu. To ina amsarsa ta shiga? Na tashi na buɗe fayil ɗin da Notepad, na nemo layinsa. Ga ta nan ɓaro-ɓaro: nan.

Ashe pandas yana da jerin kalmomin da yake ɗauka a matsayin "babu amsa" idan ya tarar da su a fayil, irin su NA, null, N/A da kuma nan, wanda a wurinsa taƙaitawar Turanci ce ta "ba lamba ba ne". Duk wanda ya ce min iyalinsa suna nan, sai ya share amsar ya bar gurbi. Bai yi kuka ba, bai nuna jan rubutu ba. Gyaran ma bai kai layi ɗaya ba, keep_default_na=False kawai za ka ƙara a cikin read_csv. Amma da ban tuna da Alhajin nan ba, da na tsaya gaban malamai ranar difens ina kare ƙarya da hujjojin al'ada, kuma da ta shiga laburare da sunana a kai.

Ga ra'ayina, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba. Yadda muke koyon furogiramin a baibai yake. Tun da aka fara 3MTT a 2023 kowa ya zama mai nazarin data a bayanin kansa na Facebook, kuma abin farin ciki ne matasanmu sun shigo. Amma mu da kanmu muke tsallake darasin buɗe fayil da rubuta fayil kamar ba komai ba, muna sauri mu kai inda ake zana jadawali mai launi. Fayilolin da ake koyo da su kuwa, furannin Iris 150 ne da fasinjojin Titanic, an wanke su an goge tun kafin su iso hannunka. Naka bayanan da ka tattaro a kasuwa ko a asibiti ko a gona ba haka za su zo ba. Da Hausa za su zo, da kuskuren yatsa, da ƙurar hanya.

Ɗauki maganar haruffanmu masu lanƙwasa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma akwai teburi daban-daban na fassara lamba zuwa harafi. Tsohon teburin ASCII alamomi 128 ne kacal, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Wanda Windows ke amfani da shi a yawancin laftof ɗinmu, cp1252, shi ma babu su. UTF-8 ne ke da su, kuma da bayit biyu yake ajiye kowannensu. Idan aka rubuta fayil da UTF-8 sannan aka karanta shi da teburin Windows, sai a ɗauki bayit biyun nan a matsayin haruffa biyu. Shi ya sa kake buɗe fayil a Excel ka ga ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ka ce bairos ne ya kama maka filash. Wannan ma da sauƙi, asalin bayanan suna nan lafiya, karatun ne ya karkace. Mai zafin shi ne ka adana a Excel da CSV na gama-gari maimakon wanda aka rubuta CSV UTF-8. Nan take kowace ƙ ta zama alamar tambaya, kuma ba ta dawowa. A Python, duk lokacin da ka rubuta open, ka saka encoding="utf-8". Idan kuma wanda zai karɓi fayil ɗin da Excel zai buɗe, ka rubuta masa da "utf-8-sig".

Wani aboki ya ce min ai maganin abin shi ne a daina sa lanƙwasar gaba ɗaya, kamar yadda muke yi a WhatsApp. A hira ba laifi, mutum ne zai karanta ya gane. Amma ka ce wa kwamfuta ta ƙirga sau nawa aka ambaci "baki" a hirarrakinka, za ta haɗa maka bakin magana da baƙin da suka zo da baƙin launi duk a kwando ɗaya. Kuma ni dai ina jin nauyin a ce don kasalar rubuta kalmomi biyu na rage wa harshena haruffa.

Excel kuma yana da nasa halin na shisshigi. Lambar waya 0803 da sauransu, yana ganinta zai cire sifirin farko. Idan da 234 ta fara, ta kai lamba 13, sai ya mayar da ita wani abu mai E+12 a ƙarshe, ka adana a CSV a haka, shi ke nan lambobin ƙarshe sun tafi. Kada ma ku ɗauka mu kaɗai ne. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar Ingila ta tsallake rahoton mutum 15,841 da suka kamu da korona, saboda an zuba sakamakon gwaji a tsohon tsarin XLS da ba ya wuce layi 65,536. Ƙwararru ne masu albashi.

Sai wanda ya fi sa ni tausayi, harafin "w". Wani ƙaninmu ɗan aji huɗu ya zo ɗakina idonsa ja. So yake ya karanta fayil ɗin furojet ɗinsa, ya kwafo layi daga intanet, open("bayanai.csv", "w"). Bai san cewa "w" tun a lokacin buɗewa yake share duk abin da ke ciki ba, kafin ma ka rubuta komai. Fayil ya koma sifiri. Ba shi da kwafi ko a imel. Sai da ya koma kan takardun tambayoyinsa ya sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kwana tara, ana cikin jarrabawa. "r" karatu ne, "a" ƙari ne a ƙarshe, "x" kuma ƙin buɗewa yake idan akwai fayil mai sunan. Minti biyar ya isa a koya wa mutum wannan, ba wanda ya zaunar da shi.

Na san za a ce ai ChatGPT na nan. Ni ma ina amfani da shi, ba zan ɓoye ba. Amma kod ɗin da ya share min amsoshi 61 daidai yake, babu kuskure a cikinsa. Kuskuren yana tsakanin kod ɗin da fayil ɗin, kuma sai wanda ya san cewa "nan" amsa ce zai gan shi. Haka masu kai bayanansu shagon bakin get a yi musu "analisis" a biya. Ban ce ba su iya aiki ba, wasunsu sun fi ni iya SPSS nesa ba kusa ba. Sai dai wanda ba ya jin Hausa, ya ga gurbi 61, cewa zai yi ba a amsa ba ya wuce, kuma ba laifinsa ba ne. Mu da muke karatu a Kudu muna bincike a kan mutanenmu, sau da yawa kai kaɗai ne mai jin yaren bayananka a duk sashenku. Idan ba ka duba ba, babu mai dubawa.

Yanzu ni dai ga yadda nake yi. Asalin fayil yana cikin folda da ba na taɓawa, da kwafi a imel da wani a filash. Kafin in rubuta kod ko layi ɗaya, sai na buɗe shi da Notepad na karanta layi 20 da idona. Bayan na loda shi, in ƙirga layuka in ga ko sun kai 280, in duba kowace tambaya gurbi nawa ne a cikinta, in tambayi kaina ko na yarda da adadin. Duk abin da na gyara kuma da sabon suna nake adana shi.

Shafin nan na kunyar Bahaushe na cire shi. Da na je na faɗa wa malamata, ta daɗe tana dariya, sannan ta ce in rubuta abin da ya faru a babin hanyoyin bincike. Ranar Asabar bayan la'asar ina barandar masallaci da laftof ɗina. Duk mai fayil ɗin furojet ya zo da shi a filash mu buɗe tare, ko da bai taɓa rubuta kod ba. 'Yan uwa mata ma ku zo, za a shimfiɗa tabarma ta ɓangarenku. Wanda yake da abin jona caji mai baki da yawa don Allah ya taho da shi, soket ɗaya ne ke aiki a wurin.