ƘURAJEN FUSKA BAYAN BALAGA: KADA GARIN NEMAN GIRA MU RASA IDO

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, mun sani sarai akwai waɗanda za su yi tsaki da ganin kan wannan maƙala, su ce ashe duk matsalolin da suka dabaibaye mu, ga tsadar kuɗin makaranta, ga ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana, ba mu ga abin da za mu ɓata tawada a kansa ba sai ƙuraje? To, a yi mana haƙuri a ji ta bakinmu tukuna. Wanda bai taɓa tsayawa gaban madubi da sassafe ba, yana shawarar ko ya tafi lacca ko ya koma ya lulluɓa saboda abin da ya gani a fuskarsa, shi ne zai ɗauki wannan magana wasa.

Tun muna makarantar sakandare ake ce mana ƙurajen balaga ne, mu ƙyale su, girma zai kore su. Ga shi mun girma, wasunmu har sun kusa karɓar digiri, amma ƙuraje sun ƙi jin sallama. Su likitocin fata suna kiran abin da ƙurajen manya idan ya zarce shekara 25, ko dai ya biyo mutum tun daga ƙuruciya, ko kuwa ya ɓullo masa sabo fil bayan ya mallaki hankalin kansa. Mata sun fi maza fama da shi nesa ba kusa ba, galibi a haɓa da gefen muƙamuƙi, kuma yakan tsananta 'yan kwanaki kafin al'ada. A cikinmu kuwa akwai matan aure, da malaman makaranta da suka dawo ƙaro ilmi, da 'yan digiri na biyu, waɗanda suka wuce wannan shekara tuni; mu sauran ma gab muke da ita.

Kafin mu faɗi abin da ke ranmu, ya kamata mu san abokin gaban namu. A gindin kowane gashi na fata, har da ƙananan da ido ba ya gani sosai, Allah Ya halicci wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo domin kada fata ta bushe. Sinadaran jiki da ake kira andirojin, waɗanda ke jikin namiji da mace baki ɗaya, su ne ke zuga wannan jaka ta ƙara aiki. Idan maiƙon ya yi yawa, ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata, sai ƙofar gashin ta toshe. A cikin wannan toshewa ne wata ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama can tana zaune lafiya a fatar kowa, take samun wurin hayayyafa, jiki kuma ya taso mata da yaƙi, sai kumburi da zafi da mugunya. Baƙin kan nan da muke gani a hanci ma ba dauɗa ba ce, iska ce ta taɓa abin da ya toshe ƙofar ya yi baƙi, kamar yadda goro ke sake launi in an fasa shi an ajiye.

Wannan kaɗai ya isa ya rushe yawancin abin da muke faɗa wa juna a ɗakunan kwana. Ƙazanta ba ita ke kawo su ba, saboda haka mai dirzar fuskarsa da soso sau biyar a yini ƙara wa wuta makamashi yake yi. Gyaɗa, baiwar Allah, ta daɗe tana shan zargi, alhali hujjar da masana suka samu, ita ma ba mai ƙarfi ainun ba, ta fi karkata ne ga yawan sukari da lemon kwalba da farin burodi, da kuma madara ga wasu mutane. Amma maganar da ta fi ba mu dariya da takaici a lokaci guda ita ce ta masu cewa aure ne maganinsu. Da haka ne, da matan auren da ke ajinmu ba su riga mu zuwa kemis ba.

Kemis ɗin nan kuwa shi ne inda muka dosa. Ra'ayinmu shi ne, ba ƙurajen ne suka fi yi mana ɓarna ba, a'a, gaggawarmu ce da kunyarmu, da kuma masu cin kasuwa a kansu. Fatarmu ta baƙar fata tana da wata ɗabi'a: duk inda ta yi kumburi ko rauni, takan bar baƙin tabo wanda ke iya yin watanni kafin ya dusashe. Ƙurji ya yi mako guda ya tafi, tabonsa ya kwana ya yini har zangon karatu ya ƙare. Tabon nan shi ne ke tura mu hannun masu haɗe-haɗen mai, na bakin ƙofar makaranta da na Instagram da WhatsApp, waɗanda ke zuba abin da suka dama cikin roba marar suna su ce ai na itatuwa ne zalla, kwana bakwai fuska ta yi sumul.

Kuma lalle takan yi sumul ɗin, nan ne tarkon yake. Da yawa daga cikin waɗannan haɗe-haɗe, da kuma man bututun nan da ake yi wa kirari da mai aiki uku, suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi na jinsin sitiroyid, irin su betametason da kilobetasol. Magunguna ne na gaske, an yi su ne domin wasu cututtukan fata dabam, a shafa na ɗan gajeren lokaci bisa umurnin likita. Suna kwantar da kumburi nan da nan, suna kuma haska fata, sai mai shafawa ya ɗauka ya dace. Bayan 'yan watanni fatar ta soma sirancewa, ƙananan jijiyoyin jini su bayyana, nankarwa ta fito inda ba a saba ganinta ba, kana wasu sababbin ƙuraje su feso birjik, dukkansu girma ɗaya. In an daina shafawa fuska ta ɗau zafi da ƙaiƙayi, sai a koma da gudu a sayo wani, mai kanti kuwa ya sami abokin ciniki na dindindin. Mun ga wannan da idonmu ga wata 'yar'uwarmu da ta so ta gyara fuska saboda bikin yayarta. Bikin an yi an watse cikin kwana uku, ita kuwa ta shafe zango biyu tana zama a kujerar baya, ta ja mayafi har kan hanci, ba ta ɗaga hannu ko da ta san amsa.

Ba sitiroyid kaɗai ba ne. Akwai haidirokwinon, wanda in aka daɗe ana shafa mai ƙarfinsa yakan bar wani duhu mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ke da wuyar magani. Akwai zaiba, wadda ke ratsa fata ta illata ƙoda da jijiyoyi. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan haska fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana al'amarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Mun tabbata ba duka ne suka shiga da niyyar sake launi ba. Da dama tabon ƙurji suka je gogewa, hanya ta zarce da su. Haka nan masu shan ƙwayar deksametason domin su yi ƙiba, da samarin da ke allurar kumbura ƙwanji, su sani ƙuraje na cikin ladar da za su karɓa.

Abin haushin shi ne magani na gaskiya yana nan, kuma ba sabo ba ne. Tun 1971 aka amince da tiretinoyin a Amurka, wanda likita Albert Kligman da abokin aikinsa James Fulton suka fito da shi. (Ba za mu wuce ba tare da mun ambata cewa shi Kligman ya shekara fiye da ashirin, daga 1951 zuwa 1974, yana gwaje-gwaje a fatar fursunonin gidan yarin Holmesburg na birnin Filadelfiya, akasarinsu baƙar fata, abin da sai a 2022 hukumar birnin ta nemi gafara a kansa. Kakannin wasu sun biya farashin wannan ilmi da jikinsu.) Daga baya aka samu ƙanensa adafalin, wanda ya fi sauƙi ga fata. Aikin waɗannan biyu shi ne buɗe ƙofofin da suka toshe da hana sababbi toshewa, suna kuma taimakawa wajen dusashe tabo. Ana shafa kamar ƙwayar wake ɗaya ga dukan fuska da dare, a fara da tsallake kwana ɗaya, balle a lokacin hunturu da fata ke saurin tsagewa. Sai benzoyil feroksaid mai kashe bakteriyar. Mai ƙarfin kashi 2.5 yana aiki kusan daidai da mai kashi 10, ga shi bai kai shi ƙona fata ba, sai dai a kula, yana koɗar da tawul da mayafi da rigar matashi. A wanke fuska sau biyu a yini da sabulu marar kaifi, a kare ta daga rana domin rana na ƙara wa tabo duhu, a rage laftar man gashi da ke gangarowa goshi, a kuma ɗaure hannu daga matsa. Man goge baki da ruwan lemon tsami kuwa, kowanne a bar shi inda aka san shi.

To, me ya sa ba mu bin wannan hanya? Domin tana bukatar abin da mai roba marar suna ba ya nema a wurinmu, watau haƙuri. Sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga alamar sauƙi, wani lokaci har 12, kuma a makonnin farko abin kan yi kamar ƙaruwa yake yi. Yawancinmu a mako na biyu muke jefar da bututun mu ce jabu ne.

Akwai kuma inda dole sai da likita. Masu manyan ƙuraje masu zurfi da ke barin rami ko tudun tabo, kada su ɓata lokaci. Ƙwayoyin kashe bakteriya irin su doksisaikilin ana ba da su ne na kimanin wata uku, a haɗe da na shafawa. Wanda ke sayensu da kansa yana sha shekara da shekaru yana koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai ne, kuma ba shi kaɗai zai girbi wannan ba. Aisotiretinoyin, da aka fara amfani da shi a 1982, yana warkar da masu tsananin gaske, amma yana nakasa ɗan tayi mummunar nakasa, saboda haka ba abin karɓa daga hannun ƙawa ba ne. Mai ciki, ko mai sa ran samu, ta nisanci shi da doksisaikilin da adafalin da tiretinoyin duka, likita na da waɗanda suka dace da ita. Wadda kuma ta ga ƙuraje tare da rikicewar al'ada da tsirowar gashi a haɓa, ta nemi a duba ta, domin mai yiwuwa matsalar daga ma'ajiyar ƙwai take, fuskar tana ba da labari ne kawai.

A nan ne muke da ƙorafi a gida. Sau nawa ɗalibi ya je asibitin makaranta da wannan kuka aka dube shi aka yi murmushi, aka ce ya je ya riƙa wanke fuska? Wanda aka yi wa haka ba zai sake komawa ba, kai tsaye bakin ƙofa zai nufa. Mu ma da kanmu ba mu fita ba, mu da ke laƙaba wa junanmu sunaye a kan abin da ba wanda ya saya da kuɗinsa.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, musamman ofishin walwala, da ta nemi hukumar makaranta ta riƙa gayyato likitan fata daga asibitin koyarwa ko da rana ɗaya ce a wata, ta kuma sa a ajiye benzoyil feroksaid da adafalin a ɗakin magani bisa farashin da aljihun ɗalibi zai ɗauka. Muna roƙon 'yan'uwanmu masu karatun harhaɗa magunguna su keɓe yammacin wata Asabar su kafa tebur a gaban ɗakunan kwana, na maza da na mata, kowa ya kawo bututunsa a karanta masa abin da ke rubuce a jiki. Wanda aka samu ya daɗe a kan mai sitiroyid, kada a ce masa ya yar nan take, a haɗa shi da likita ya janye shi sannu a hankali. Za mu gabatar da waɗannan buƙatu a rubuce a babban taron ƙungiya mai zuwa, kuma muna neman masu sa hannu.