Intanet Muke Saya Ko Haƙuri?

Yau dai zan faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri, tunda dama haƙurin ne sana'armu a nan kurmi.

Wata uku da suka wuce wani yaron kamfani ya same ni a ƙofar gida a nan Agege da takardar talla. Ya ce kamfaninsu Legas da Ogun kawai yake aiki, saboda haka sun san unguwarmu ciki da bai, kuma taswirarsu ta nuna layinmu na cikin inda suke kaiwa. Megabit 20 a daƙiƙa, ba iyaka. Na ciro kuɗi na biya. Ranar da masu haɗawa suka zo sai labari ya sha bamban, wai kebul ɗinsu ya tsaya a rukunin gidajen da ke ƙetaren titi, mu sai dai a kafa mana faranti a saman kwano. Na ce to, a kafa.

Da na ga ba na iya minti biyar muna ganin juna da mahaifiyata a Katsina hoto bai daskare ba, yarona kuma darasi ba ya buɗe masa da dare, sai na daina zargin iska da hadari na fara awo. Na haɗa kwamfuta da rauta ta waya kai tsaye, na kashe wayoyin gidan duka, na riƙa shiga Speedtest da Fast.com sau uku a rana har mako guda ina rubutawa. Bayan asuba nakan samu 17 ko 18. Da azahar 8. Daga bayan isha'i zuwa sha ɗaya na dare, lokacin da kowa ke gida yana bukata, ban taɓa ganin ya kai 3 ba. Da na kira su, wata ta ce in sake duba takardar, ai "har zuwa" 20 aka rubuta. Na duba, wallahi haka ne, da ɗan ƙaramin rubutu. Jama'a, wane mai goro ne zai karɓi kuɗin huhu ya ba ka ƙwarya ɗaya, ya ce ai "har zuwa huhu" ya ce maka? A kasuwa da tuni an tara masa mutane.

Kuma ku lura da wata dabarar. Su da megabit suke talla, wayarka kuwa da megabait take lissafi, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Ashe ko 20 ɗin ta cika, megabait 2.5 ne a daƙiƙa. Sannan na saukewa kawai ake faɗa maka, na turawa ba a ambatonsa, alhali shi ne ke ɗaukar hotonka da muryarka ya kai gida.

Kada wani ya ce mini ai Nijeriya ce, intanet ɗin ne babu. A bakin tekun Legas ɗin nan manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa ke sauka: MainOne da Glo-1 tun 2010, WACS a 2012, Equiano na Google a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 da wasu daga cikinsu suka tsinke, kowa ya yi uzuri domin dalilin a fili yake. To sauran ranakun fa? Tsarin gwamnati na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a birane. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin sadarwa har kashi 50 cikin ɗari. Kuɗi ya hau, mu ba mu ga abin da ya hau tare da shi ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, laifin har da namu. Mun saba cewa mu baƙi ne, kada mu ja magana, alhali kakannin wasunmu a Agegen nan aka binne su. Mai POS ɗinmu zai yi asarar ciniki, ya ce "netiwok ne" ya ja carbi. Kamfani ya gane unguwar Hausawa ba ta rubuta ƙorafi, me zai sa ya jawo mana kebul?

Shawarata ita ce, kafin ka biya, ka je gidan wanda ke amfani da su a layinku, ka auna da kanka ƙarfe tara na dare. Ka tambayi mafi ƙarancin gudun da suka yi alkawari, a rubuce. In ka riga ka biya, ka auna, ka ɗauki hoton sakamakon, ka kai ƙara wurinsu ka karɓi lambar ƙorafi, in suka yi shiru ka kira NCC a 622, kyauta ne. Mu haɗa sakamakon gida ashirin mu kai tare, in ya so ta hannun Sarkin Hausawa. Ni dai nawa na mako guda yana nan a littafi, kuma wannan watan ban sabunta ba.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.