Dogon da Ya Ɗauki Sunan Neja Amma Bai Kai Can Ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen abubuwan al'ajabi na duniya, sai hankali ya tafi dalar Masar, ko hasumiyar Eiffel ta Faransa, ko doguwar ganuwar ƙasar Sin. To amma ga wani abin al'ajabi nan a gefen Adjamé, ba nisa da kasuwa, wanda da yawanmu muke wucewa ta kusa da shi safe da yamma ba mu ko ɗaga kai. Shi ne layin dogon da Turawa suka raɗa wa suna Abidjan-Niger. Fiye da shekara 120 ke nan da fara shimfiɗa shi, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba, bai kuma ga ruwan kogin Neja da aka sa masa sunansa ba.

Faransawa sun fara aikin ne a shekarar 1904, lokacin da Abidjan take 'yan ƙauyukan Ebrié masu kamun kifi a bakin ruwa. Niyyarsu ita ce su haɗa teku da kogin Neja, domin kayan arewa su riƙa gangarowa zuwa jiragen ruwansu. Dogo ya kai Dimbokro a 1910, inda aka gina masa doguwar gadar ƙarfe a kan kogin N'zi. Ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, sannan Wagadugu a 1954. Ku duba fa, shekara 50 cif aka yi kafin a gama kilomita 1,100 da 'yan kai.

Ba da daɗin rai aka yi wannan aiki ba. Da aikin tilas aka sare kurmi, aka haƙa ƙasa, aka ɗauko ƙarafa a ka. A 1910 mutanen Abbey na yankin Agboville suka ce sun gaji, suka yi tawaye, suka tumɓuke dogo a wurare da dama, har suka kashe wani Bature mai suna Rubino. Garin da ake kira Rubino a kan wannan layi sunansa ya ci. Daga baya dubban Mossi aka riƙa kwasowa daga arewa domin aikin dogo da gonakin Turawa, kuma ba a soke aikin tilas ba sai a 1946, da dokar da Houphouët-Boigny ya gabatar a majalisar Faransa.

Garin da muke zaune a ciki ma dogon nan ne ya haife shi. Saboda shi aka ɗauke babban birni daga Bingerville aka dawo da shi Abidjan a 1934. Saboda kayan da yake kawowa aka haƙa mashigin Vridi, mai tsawon kusan kilomita 3, aka haɗa ruwan Ebrié da teku a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951. Ita kuwa gadar Houphouët-Boigny, wadda ke kai mu Treichville daga Plateau, an buɗe ta a 1957 a madadin tsohuwar gada mai shawagi a kan ruwa. Duk wanda ya tsaya ya dube ta da kyau zai ga hawa biyu gare ta: motoci a sama, jirgin ƙasa a ƙasa.

To, me ya hana dogo ƙarasawa? Bayan samun 'yancin kai a 1960, Kodebuwa da Haute-Volta suka ci gaba da tafiyar da shi tare a ƙarƙashin hukumar RAN. A 1985 Thomas Sankara ya nemi rancen tsawaita shi zuwa ma'adinan Tambao, masu kuɗin duniya suka ƙi. Sai ya kira talakawan Burkina suka fito da hannuwansu suna jera ƙarafa, har daga baya layi ya kai Kaya, kimanin kilomita 100 gaba da Wagadugu. A nan ya tsaya. An raba RAN gida biyu a 1989, aka danƙa layin ga kamfanin Sitarail a 1995, a 2020 kuma aka dakatar da jirgin fasinja lokacin annobar korona.

Wani abin dariya mai kama da kuka shi ne, ba wannan kaɗai ne dogo mai sunan Nijar da ya maƙale a hanya ba. Na Kotonu, wanda Benin da Nijar suka yi tarayya a kansa shekaru da yawa, a Parakou ya ƙare. A cikin Nijar kanta, tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso, aka gina tasha, aka yi biki, amma layin bai haɗu da na kowa ba, bai kuma taɓa jigilar kasuwanci ba. Ta wajen Najeriya an aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a 2021.

Kada wani ya ce wannan zancen manya ne, bai shafe mu ba. Ku tambayi dillalan albasa. Buhun albasar Galmi da ake saukewa a Adjamé sai ya kwana da yawa a bayan babbar mota, ya ratsa Burkina, ya tsaya a shinge bayan shinge, zafi yana cinsa, kafin ya iso an yi asarar wani kashi. Haka masu shanu da raguna suke fama gabanin Babbar Salla, dabba ta taso da ƙiba ta iso da ƙashi. Kano kuwa, da jirgi ya iso mata a 1911, cikin 'yan shekaru cinikin gyaɗa ya bunƙasa har aka riƙa jera dalar gyaɗa a bakin dogo. Hanya ita ce uwar kasuwa, wanda ba shi da ita kullum a bayan wasu yake.

Ita ma fuskar dogon a nan Abidjan ta fara sauyawa. A watan Nuwamba na 2017 aka ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari, wato metro, mai kilomita 37 daga Anyama zuwa filin jirgin sama, kuma ta hanyar tsohon layin aka tsara shi, ta Adjamé da Treichville. An rushe gidaje da rumfuna da yawa da ke bakin dogo saboda shi. Yaran da za a haifa nan gaba wataƙila ba za su san yadda wurin yake a da ba.

Don haka ga kira ga matasanmu. Cikin dattawanmu akwai waɗanda suka biyo mota daga Tawa, Maraɗi ko Damagaram zuwa Wagadugu, suka hau wannan jirgi, suka sauka a tashar Treichville da 'yar jaka a hannu, ba su san kowa ba sai mai masauki. Ku zauna da su tun suna raye. Ku tambaye su nawa suka biya, kwana nawa suka yi, wa ya karɓe su, da wace sana'a suka fara. Ku rubuta ku aiko mana, za mu buga a wannan shafi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma wanda ya san hanyar da kakansa ya biyo bai ɓata ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.