Shekara ta raba: ina uwar kuɗi?

Watan Yuni ya ƙare, damana ta kankama, shekara ta rabu gida biyu. A watan Janairu kowa ya ɗauki niyya: wannan zai rufa gidansa da kwano, wancan zai aurar da ɗiyarsa, wata kuma za ta bar yawon talla ta kama rumfa. A wannan mako muna kira ga kowa ya zauna ya ƙirga abin da ke hannunsa, ya gani ko niyyar nan tana nan da ƙafafunta.

Kasuwar Katako ta ishe mu misali. Nan mutanen Yamai ke neman katako da kwano da siminti da ƙarfen gini, nan ake sauke buhunan hatsi da masara, nan maƙera ke mayar da tsofaffin ƙarafa tukwane da murhu. Da wuya magidanci ya ɗauki buri bai biyo ta wannan kasuwa ba, ko a matsayin mai saye ko mai sayarwa. Dukansu biyu kuwa shekara ɗaya ke juya su.

Mu dubi yadda shekarar take tafiya. A 2024 da 2025, azumi da Ƙaramar Salla da Sallar Layya duk sun faɗo tsakanin Maris da Yuni. Sukari da ɗinki da rago sun cinye ajiyar gidaje da yawa tun kafin ruwan farko ya zauna. Rabin da ya rage kuwa ya fi nauyi. Daga Yuni zuwa Satumba rumbuna ke ƙarewa, tiyar hatsi ta yi tsada har sai kaka ta yi. Hatsin rangwame da OPVN ke sayarwa sauƙi ne, amma ba ya ɗauke wa maigida nauyinsa. Ga kuma ruwa: a 2020 kogin Isa ya ci unguwanni irin su Lamorde da Saga, a 2024 kuwa ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Bayan ruwa sai littattafai da tufafi da kuɗin karatun yara.

To, ta ina za a fara lissafi? Ɗan kasuwa ya fara da uwar kuɗi. A ce ya shigo shekara da jika ɗari biyar. Yau kayan da ke rumfa na jika ɗari biyu da hamsin ne, akwai hamsin cikin aljihu, ɗari da hamsin na hannun mutane. In an tambaye shi zai ce alhamdu lillahi, jari na nan. Gaskiyar magana, jika hamsin sun tafi cefane, kuma abin da zai iya juyawa gobe da safe ɗari uku ne kacal. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ya buɗe littafi ya raba masu bashin kashi uku: wanda zai biya a ƙarshen wata, wanda sai kaka, da wanda sai dai a yafe. Kashi na uku a cire shi daga lissafi yanzu, ko da zuciya ba ta so.

Manyanmu a kasuwa sun san dalili. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran Faransa ya tashi daga dala goma zuwa dala ashirin. Wanda kuɗinsa ke hannun mutane an biya shi adadin da ya bayar, amma da ya je saro kayan waje sai ya tarar kuɗin sun rame. Haka kuma bayan 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi aka rufe iyakar Benin, kayan da ke biyowa ta Kotonu suka tsaya, duk tsarin da aka yi a Janairu ya rushe cikin mako guda. Ba wanda ya san abin da watanni shida za su haifa, shi ya sa ake barin wani abu a hannu.

Shi kuma mai albashi da mai aikin ƙarfi, jeri ne ya kamata su gyara. Hatsi ne farko, sai gyaran rufi da katanga, sai ajiyar lakwal, sa'annan buri. Wanda ya ɗauki adashi a Yuli ya kwashe shi duka ya sayi siminti ya jibge, alhali ba shi da kuɗin magini, danshi zai mayar masa da shi dutse. Gara ya sayi buhun da zai iya bugawa bulo a makon, saura ya shiga buhun hatsi. Gidan ɗaki huɗu in ya koma ɗaki biyu bana, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a sayar da filin a Oktoba domin biyan bashin da aka ci a Yuni.

Kada kuma a yi lissafin nan a ɓoye. Uwargida ta fi kowa sanin tiya nawa gidan ke ci a wata. A zauna da ita, a faɗa mata abin da ya samu da abin da bai samu ba. In bikin ɗiya ne za a ɗaga zuwa bayan kaka, a je wurin surukai tun yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya rufa mana asiri. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.