SAYEN IYAFIS DON MOTSA JIKI: A DUBA KAFIN A BIYA

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu wanda ke cin kuɗin gidajenmu sannu a hankali ba tare da an lura ba, watau na'urar nan da ake maƙalawa a kunne don jin waƙa ko karatu ko labaru, wadda kowa ya fi sani da iyafis. Duk wanda ya fita da sassafe lokacin hutu zai ga samari, har da dattawa, suna sassarfa a bakin titi ko suna zagaya fili, kowa da abinsa a kunne. Ni ban ga laifin wannan ba. Gudu yana da gundura, amma in mutum na sauraron wani abu sai ya yi zagaye biyar bai sani ba. Abin kuwa ba sabo ba ne, tun 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da 'yar rikodar nan mai suna Walkman, mutane suka fara yawo da kiɗa a kunne.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke saye. Yaro zai tsaya gaban mai teburi, a sa masa iyafis a kunne, a ƙure murya, in ya ji ganga tana dukan ƙwaƙwalwarsa sai ya ce ya yi, ya biya ya tafi. Bayan mako uku kunne ɗaya ya mutu, sai a koma wurin Baba. To, ra'ayina shi ne, wanda zai motsa jiki da iyafis kada ya fara da tambayar ƙarfin sauti. Ya fara da tambayar abin da zai kashe na'urar, domin gumi da lanƙwasar igiya da mutuwar batir su ne ke kai yawancinsu juji, kuma duk ana iya gane su tun a kasuwa.

Bari mu ɗauki gumi, don shi ne babba. Gumi ba ruwa ne zalla ba, akwai gishiri a cikinsa, kuma ruwan gishiri yana cin ƙarfe, yana kuma haɗa wuta inda bai kamata ta haɗu ba. In ya shiga ta 'yar ragar bakin iyafis, ko ta maɓallin ƙara murya, sai ya bushe ya bar gishirinsa a ciki. Gobe a ƙara, jibi a ƙara, har abin ya lalace. A ƙasa irin tamu inda mutum zai jiƙe sharkaf tun kafin ya gama zagaye na biyu a watan Afrilu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin farin ciki, akwai wata alama da ake bugawa a jikin kwali wadda ke nuna juriyar na'ura, kuma kaɗan daga cikinmu ne suka san karanta ta. Za ka ga haruffa biyu, IP, sa'an nan lambobi biyu a bayansu. Lambar farko ta ƙura ce, tana tashi daga 0 zuwa 6. Ta biyu ta ruwa ce. Inda ka ga X a madadin lamba, ma'anarsa ba a gwada wannan ɓangaren ba. Saboda haka IPX4 na nufin na'urar tana jure fantsamar ruwa daga kowane gefe, amma ba a ce kome ba game da ƙura. IPX5 tana jure ruwan da aka feso da ɗan ƙarfi. IPX7 kuwa an gwada ta cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Ga mai gudu da ƙwallo da ɗaga ƙarfe, IPX4 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata ya karɓa. Wanda ya sami IP55 ya dace, don lambar 5 ta farko tana nufin an yi mata kariya daga ƙura, mu kuwa mun san abin da hunturu ke yi wa kowace kafa a jikin kowace na'ura.

Amma fa a lura da abu biyu. Da ruwa mai tsabta ake yin wannan gwaji, ba da gumi ba, don haka ko mai IPX7 ka saya sai ka goge shi da busasshen ƙyalle bayan ka dawo, ka bar shi ya sha iska kafin ka mayar da shi cikin akwatin caji. Sa'an nan kwalin da ya rubuta cewa ruwa ba ya shiga, amma babu lamba, ka ɗauka zance ne kawai na mai talla.

Yanzu sai batun da na san wasu abokaina ba za su so ji ba. Tun da kamfanin Apple ya cire ramin soka iyafis daga wayarsa iPhone 7 a 2016, ya kuma fito da AirPods a wannan shekara, sai duniya ta koma yayin 'yan ƙananan nan guda biyu marasa igiya masu aiki da Bluetooth. Suna da kyan gani, ba na musu. Amma kowane ɗaya yana ɗauke da ɗan mitsitsin batir wanda aka manne a ciki, ba a canja shi, kuma kowane caji yana rage masa ƙarfi. Zafi ma yana ƙara gajiyar da shi. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ga abin da ke yin awa huɗu ya koma minti arba'in, ba kuwa mai gyaran da zai taimake ka. Ga kuma matsalar wutar lantarki: wanda wayarsa ma sai ya kai shagon caji, ina dalilin ƙara wa kansa wani abin cajin? Ga faɗuwa. Ɗaya ya zame daga kunne ya faɗa kwata, shi ke nan, ɗayan ya zama maraya.

Saboda haka ni a ganina ɗalibin da wayarsa ke da ramin nan na milimita 3.5, kamar yadda yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Itel ke da shi, ya riƙe mai igiya. Ba ya bukatar caji, kuma igiyar ce ke zama eriya in kana son kama rediyon FM a yawancin wayoyi. Rauninsa guda ne, wurin da igiya ta haɗu da kan da ake sokawa, don nan ne take lanƙwasa kullum cikin aljihu har siraran wayoyin ciki su tsinke. Ka duba wurin da kyau. In akwai roba mai kauri mai laushi da ta rufe shi, madalla, in kuwa igiyar ta fito tsirara daga busasshiyar roba, ajiye shi. Mai kai a lanƙwashe kamar harafin L ya fi zama lafiya a aljihu. In za ka yi gudu ka bi da igiyar ta cikin riga, kada ta riƙa lilo tana fizgar kunne. Wanda kuma wayarsa ba ta da rami, ko ya matsu sai marar igiya, to, ya nemi mai rataya a wuya. Batirinsa ya fi girma, kuma in ya zame daga kunne a ƙirji zai tsaya, ba a ƙasa ba.

Zaman abin a kunne ma a gwada shi tun a gaban mai kaya. Sa shi, ka girgiza kai, ka ɗan yi tsalle, kada ka ji kunya. Nagari yakan zo da 'yan robobi kashi uku, ƙanana da matsakaita da manya, don kunnuwa ba ɗaya suke ba. Akwai kuma mai ƙugiya da ke zagaya bayan kunne, shi ya fi dacewa da masu tsalle-tsalle.

Game da kuɗi, Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ban yarda cewa tsada ce ke kawo ƙarko ba. Mu yi lissafi irin na aji ɗaya. A ce, a misali, ana sayen na N1,500 duk wata yana mutuwa, a shekara an kashe N18,000. A ce kuma akwai na N8,000 da zai kai shekara. Wanne ne mai araha? A ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan N70,000 a 2024, wannan bambanci kuɗin littattafai ne. Haka nan ba hujja ba ce yaro ya tasa mahaifinsa gaba sai an saya masa na masu kuɗi don abokai su gani, alhali gumi bai san sunan kamfani ba. Sai dai a yi hattara da jabu, don kowane suna da ya karɓu a kasuwa akwai masu kwaikwayonsa. Ko a Farm Centre ta Kano za ka saya, ko a ɗan shagon unguwarku, ka tambayi garanti, ka karɓi rasit, ka adana kwalin. Mai kayan da ya ƙi ba da rasit ya gaya maka ra'ayinsa game da kayansa.

Iyafis in ya mutu a sayi wani, kunne kuwa ba a sayar da shi. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ke karɓar sauti, kuma in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa wajen biliyan 1.1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Bisa ƙa'idar hukumar, babban mutum zai iya jin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, yara kuwa desibel 75. In aka kai 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4 a mako, in aka kai 100 minti 20 ne kacal. Iyafis da yawa suna iya wuce 100 in aka ƙure su. Mai gudu a bakin titi kuwa shi ya fi kowa ƙure murya, don yana so ya danne ƙarar motoci. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin muryar waya. In ka cire iyafis ka ji kunnenka na ƙugi, ko wanda ke kusa da kai yana jin abin da kake ji, ka wuce gona da iri. Kuma a daina ba da aronsa, don dauɗar kunne da gumi suna ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan.

Na san dokar makarantu da yawa ta hana riƙe waya, don haka maganata ta lokacin hutu ce, lokacin da yawancinmu ba fili muke samu ba sai gefen titi. A nan ne iyafis mai toshe kunne ruf yake zama haɗari, domin ba ka jin odar babur ko a-daidaita-sahu sai ya iso kanka. A Birtaniya tun 2016 hukumar guje-guje ta hana sa abin kunne a tseren da ake yi kan ƙananan titunan da ba a rufe wa motoci ba. Akwai wani iri da ba ya shiga kunne sam, a kan ƙashin gefen fuska yake zama ya aika sauti ta ƙashi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibi. Namu maganin kyauta ne: in a titi kake, sa kunne ɗaya ka bar ɗaya a buɗe. Kuma tun da motocinmu hannun dama suke bi tun 1972, kai ka bi gefen hagu, yadda za ka riƙa fuskantar abin da ke tahowa.