Madatsar Ruwan Kafin Zaki: Wa Zai Ci, Wa Zai Biya?

Duk wanda ya zauna a garin Bauchi ya san cewa da zarar lokacin zaɓe ya ƙarato, sai maganar madatsar ruwan Kafin Zaki ta sake tasowa. Wannan aiki da ke ƙasar Ningi, a kan kogin Bunga wanda a can gaba ake kira Jama'are, tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka ba kamfanin Julius Berger kwangilarsa. An dakatar da shi bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, aka farfaɗo da shi a shekarun 1990, ya sake tsayawa, kuma har yau ba a kammala ba. Ni ina cikin masu son a gina ta, amma ina ganin kafin a zuba ƙasa, ya kamata mu zauna mu yi lissafi.

Da farko, amfanin da aka zayyana ba ƙarami ba ne. An tsara madatsar za ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 2,700, ta shayar da hekta 120,000, ta kuma samar da lantarki megawat 15. Ga kamun kifi, ga aikin yi ga matasan da ke tafiya ci-rani. Wannan shi ne ɓangaren da 'yan siyasa suke karanta mana.

Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Ruwan da za a tsare a Ningi shi ne yake malalawa cikin fadamun Katagum da dausayin Haɗeja da Nguru, har ya kai kogin Yobe. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu. Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa abin da ruwa yake samarwa a dausayin ya fi abin da ruwa daidai wannan yake samarwa a aikin noman rani na Kogin Kano nesa ba kusa ba. Ke nan ƙorafin mutanen Yobe da Borno ba hassada ba ce. Asararsu ma kuɗi ce, kuma dole ta shiga lissafin aikin.

To, wa zai biya? A Amurka, dokar 1902 ta ce manoma su mayar da kuɗin gina madatsu cikin shekara 10 ba tare da kuɗin ruwa ba. Suka kasa. Aka ƙara wa'adi zuwa shekara 20, daga baya 40. A 1939 sai aka amince manomi ya biya gwargwadon ƙarfinsa, kuɗin sayar da lantarki ya cike giɓin. Idan manomin Amurka bai iya ɗaukar nauyin ba, ina ga mai hekta ɗaya a Ningi?

Ra'ayina shi ne a raba nauyin gida biyu. Kuɗin gini ya hau kan gwamnati da masu shan lantarki da ruwan famfo, domin su ma masu cin moriya ne. Amma kuɗin yashe magudanai da gyaran ƙofofin ruwa, wannan kam manomi ya biya, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ruwan kyauta shi ke sa na bakin magudana ya yi ɓarna, na ƙarshe ya rasa. Sharaɗi dai shi ne a karɓa bayan girbi, ta hannun ƙungiyar manoman da kansu, kuma ranar da ruwa bai zo ba, kada a tambaye su ko kwabo.

Haka kuma a biya diyyar waɗanda ruwa zai cinye gonakinsu kafin a tashe su. Ba mu manta da Bakolori ba, inda a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman haƙƙinsu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A ƙarshe, ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ta fito da lissafin aikin a fili, cikin harshen Hausa, tare da alƙawarin yawan ruwan da za a riƙa sakar wa na ƙasa kowace damina. Mu kuma ɗaliban Hausa, ga aiki ya same mu: mu fassara irin waɗannan takardu, mu kai su rediyo, domin manomi ya san abin da zai sa wa hannu. Allah ya sa mu dace, amin.