Ambaliyar Gummi: Me ya sa jama'a ba sa tashi daga bakin gulbi?

A watan Agustan 2024 ambaliya ta shiga garin Gummi, ta rusa dubban gidaje, ta shafe gonaki. Makonni kaɗan bayan haka kwale-kwale ya kife da manoman da ke tsallake gulbi zuwa gonakinsu, mutane da dama suka rasu. Duk damina kuma shawarar hukumomi ɗaya ce: a tashi daga bakin ruwa a koma tudu.

Faɗar hakan ba wuya, sai dai garin bai zauna a nan bisa kuskure ba. Binciken masana ya nuna Sahara ta taɓa zama ƙasar tafkuna da ciyawa. Da ta bushe, kimanin shekara 5,000 da suka wuce, jama'a suka yi ta gangarowa kudu suna bin ruwa. A yammacin Zamfara ruwan nan shi ne Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Ko sarautar Zamfara, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka, kusa da wannan gulbi.

Ambaliyar da ake kuka da ita, ita ce ke zuba sabuwar laka a fadama. Da damina a yi shinkafa, ruwa ya janye a shiga noman rani, masunta su samu kifi, shanu su samu ciyawa lokacin da ko'ina ya bushe. Manomin fadama yana girbi sau biyu, na tudu yana jiran sama.

Tudun ma ba kamar da ba ne. Gonakinsa sun gaji, abin da ya sa matasa da yawa suka koma ramin zinare. An ga ƙarshen wannan a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum. Ga kuma 'yan bindiga, waɗanda suka tashi ƙauyuka da dama, mutanensu suka kwararo cikin gari, wasu suka yi gini a inda aka samu fili mai araha, wato hanyar ruwa.

Don haka wanda aka ce ya tashi, tambayarsa ita ce ina zai je. Yana buƙatar fili mai rijiya da tsaro, da hanyar da za ta kai shi gonarsa ta fadama ba tare da ya shiga kwale-kwalen da aka cika maƙil ba.